Nomau Mai Jan Sarƙa

A gidanmu na Bakura, in an gama shigar da gero sanyi ya fara, Kaka Ige kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta mu kewaye ta. Yawanci labarin dabbobi take ba mu. Wani dare ta daɗe tana tona toka, sannan ta ce, "Ku zamna da kyau. Na yau ba tatsuniya ba ne, labarin ubana ne."

Sunansa Nomau. Ko gemu bai fara ba lokacin da Turawan awon ƙasa suka sauka garin, suna neman wanda ya san daji. Maigari ya miƙa shi, don kiwo ya sa ya san kowace rijiya. Aikinsa jan doguwar sarƙar awo daga safe har la'asar, da faɗin sunan duk inda suka isa, Bature yana rubutawa.

A dajin Maradun ƙaya ta soke shi, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa. Suka ajiye shi a gindin tsamiya da goran ruwa, suka wuce. Wata mata mai itace ta tsince shi, ta kai shi ƙauyensu, gida tara a bayan dutse, mutanen da suka ɓuya tun zamanin yaƙe-yaƙe. Wata guda tana jinyarsa. Da zai tafi ta ce, "Ɗana, ba ka gan mu ba."

Ya cim ma ayarin a kan hanyarsu ta dawowa. Bature ya yi mamaki, ya sa tafinta ya tambaye shi wa ya warkar da shi.

"Yaro ne," in ji Kaka. "So yake a san mutanen kirki ne. Ya faɗi sunan garin, har ya nuna da hannu."

Da damina ta wuce aka bi takardar da Baturen ya rubuta aka kwashe samarin ƙauyen zuwa aikin dole. 'Ya'yan matar biyu ba su dawo ba.

Yayata Hassi ta tambaya ko sun yafe mishi.

"Ɗiyar matar ya aura, ita ce uwata. Har ya mutu tana kai mishi tuwo, ban taɓa ganin ta dube shi ta yi dariya ba."

Muna yara na ɗauka nufinta mu riƙa kama bakinmu. Yanzu ina koyarwa a Talata Mafara, kuma na ga shekarun da in baƙo ya tambayi hanyar wani ƙauye kowa ke sunkuyar da kai. Wani ɗalibina ya taɓa nuna wa masu babur gidan maƙwabcinsu, don sun yi sallama da ladabi. Ashe 'yan bindiga ne; har yau ba a ga maƙwabcin ba. Yaron yana zuwa aji, ba mai zama kusa da shi. Ni nake jawo benci in zauna, amma ban san abin da zan ce mishi ba. Ina jin Kaka ma ba ta sani ba, shi ya sa ta ba mu labarin kawai ta kashe wutar.