Ƙaryar da Na Yi Kan Kwas Ɗaya Ta Karya Hannun Taubashina

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara ashirin da ɗaya, ina aji ɗaya a jami'a, a sashen injiniyan noma da ban ruwa. Ni ɗan Goronyo ne, mahaifina yana noman albasa da shinkafa a ƙasan madatsar ruwa, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya shiga jami'a. Wannan ya kumbura mini kai. Ban iya cewa ban sani ba, ban kuma yarda a ce na yi kuskure. Edita, na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cin raina, kuma ba zan kama sunan kowa ba.

Karatun noma bai kwanta mini ba. Raina yana kan injiniyan lantarki, wanda taubashina, ɗan gwaggona ta Wurno, yake karantawa a wata jami'a, yana aji uku. Da na ce masa ina so in koma can, ya yi murna, ya je sashensu ya tambayo, ya rubuta mini a takarda kwasa-kwasan da dole in ɗauka a zango na biyu kafin su karɓe ni. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin wani kwas na lissafi, ya ce komai zan bari kada in bar wannan, don a sashenmu na zaɓi ne, a nasu kuwa wajibi. Ranar rajista abokaina suka tsorata ni, suka ce malamin kwas ɗin yana da tsauri, mutane na faɗuwa. Sai na ce a raina ai maki za su duba. Na cire shi, na sa wani mai sauƙi, ban shawarci kowa ba.

Sakamakona ya yi kyau ƙwarai. Na kwashi takarduna na tafi waccan jami'ar ina taƙama. Jami'in da ya karɓa ya bi su da yatsa, ya tambaye ni ina lissafin. Na ce ya dubi makina. Ya ce ba maki ya tambaya ba, ba su ɗaukar wanda bai yi shi ba, in je in yi in dawo baɗi.

Kafin in iso gida Baba ya riga ya gaya wa mutanen masallacinmu cewa ɗansa zai koma karatun lantarki. Da ya tambaye ni, sai bakina ya ce taubashina ne ya yaudare ni, ya ɓoye mini kwas ɗin don baƙin ciki, ba ya son in kamo shi.  Yayana kuwa yana wurin. Masunci ne a madatsa, mai zafin zuciya, kuma shi ya bar makaranta ya riƙe gona da kwalekwale don ni in yi karatu. Ya ce gobe da safe za mu Wurno. Na ce a bar maganar, amma ban faɗi da ƙarfi ba, don in na nace zai tambaye ni dalili.

Da hantsi muka isa a kan babur. Lokacin hutu ne, muka tarar da taubashina a gonarsu suna yankan shinkafa shi da yayyensa biyu. Ya taho da dariya, yana tsokanata kamar yadda muka saba. Yayana bai amsa sallamarsa ba, ya cakumi wuyan rigarsa, ya ce mi na yi masa da zai kashe mini shekara. Taubashina ya dube ni, fuskarsa ta canza.

Ya ce, "Kai, mi kag gaya musu? Ina takardad da nar rubuta ma? Yaya, sake ni, hotonta na cikin wayata, in nuna ma."

Ya sa hannu a aljihu. Wallahi ban yi tunanin komai ba sai kada wayar nan ta fito. Akwai fartanya jingine a kan kunya, na ɗauka na kai masa duka da ƙotar. Ya tare da hannun dama da ya ciro wayar da shi, na ji ƙarar ƙashi. Na sake kai masa a ka, goshinsa ya tsage, ya faɗi cikin laka, jini ya rufe masa ido. Ban tsaya ba, na taka hannun da ke riƙe da wayar da dukan ƙarfina. Yayyensa suka rugo da lauje. Yayana ya shiga tsakani don ya kare ni, ɗaya ya tsarga masa lauje daga kunci har haɓa. Ɗayan ya kayar da ni cikin magudanar ruwa, ya danna kaina a ciki har na fara shan ruwa. Manoman da ke maƙwabtaka ne suka ɓanɓare shi daga kaina. Da na ɗago, na ga mutum biyu kwance cikin jini, kuma duk ni na jawo.

Aka kwashe su zuwa asibiti a Sakkwato. Bayan mako biyu baffanmu, wan Baba da Gwaggo, wanda malami ne a Rabah, ya tara mu a zaurensa. Wayar ta lalace a ruwa, ba wata shaida sai maganata da ta taubashina. Baffa ya ce in yi alwala in dafa Alƙur'ani a kan abin da na faɗa. Na yi alwalar, na zo na durƙusa, hannuna ya ƙi miƙuwa. A nan na faɗi gaskiya duka. Baba ya miƙe ya fita bai sa takalmi ba. Yayana, da ɗinki a fuska, ya ce, "Ashe a kan ƙarya kas sa aka yanke ni?" Gwaggo ta ce don darajar 'yan'uwanta ba za ta kai ni wurin 'yan sanda ba, amma kada in sake taka ƙofar gidanta.

Taubashina ya rasa shekarar karatu. Yatsunsa uku ba su lanƙwasuwa har yau, da hagu ya koyi rubutu ya gama. Na je neman gafararsa sau uku. A na ukun ya ce ya yafe, amma wasan da ke tsakaninmu ya mutu, yanzu gaisuwa ce kawai. Ni kuwa ban sake neman canjin ba, na gama karatun noman da na raina.

Ɗalibai masu son sauya sashe ko makaranta, ku je da ƙafarku ku tambayi inda za ku, ku ɗauki abin da suka ce ko da yana da wuya, kada tsoron malami ya zaɓa muku kwas. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun da wuri. Shekara ɗaya kawai aka ce in jira. Da na iya buɗe baki na ce wa Baba ni na cire kwas ɗin, da faɗan yini ɗaya zai yi mini, ya wuce.