Mayi Kachingwe, Wadda Muke Kai wa Kuka a Taron Mangochi

Duk shekarar da ƙungiyarmu ta masu binciken aikin gona ta sauka garin Mangochi da ke bakin tafki domin babban taronta, Mayi Esnart Kachingwe (Mayi a harshenmu na nufin Mama) ce ke riga kowa tashi. Kafin masunta su gama jawo kwale-kwalensu bakin tafki, ta zaga zauren taro, ta gwada lasifika, ta leƙa kicin ta ga ko an soya mandasi, wato fanken shayin safe. Daga nan sai ta ja kujera bakin ƙofa, ta gyara ɗaurin zanenta, ta zauna tana gaida duk mai shigowa da sunansa. A hukumance sakatariyar ofishinmu na Lilongwe ce, aikinta shirya ɗakuna da motoci. Amma mu matan ƙungiyar mun san wani aikin da take yi, wanda ba don shi aka ɗauke ta ba. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma tun da na ji labarin hankalina bai kwanta ba.

Da hantsi a zaure kowa Dakta ne ko Farfesa. Da la'asar, idan an fita shan iska bakin ruwa, sai wasu su manta da furfurarsu. Shekara da shekaru abin da muka iya kawai shi ne raɗa: kar ki zauna kusa da wane a mota, kar ki yarda wane ya raka ki ɗaki. Mayi Kachingwe kuwa nata salon daban ne. Takan ba sababbin mata ɗakunan da ke jere da nata. Idan ta hango an ritsa wata a lungu, sai ta taho da murmushinta ta ce ana nemanta a waya. Mun daɗe muna tsammanin iyakar abin da za a iya ke nan.

Sai shekarar da Tiyamike Zimba ta zo taro karon farko. Matashiyar mai bincike ce a kan cutar rogo, kuma ranar ƙarshe bayan cin abincin rana za ta gabatar da aikinta. Wanda zai shugabanci zaman wani babban farfesa ne, ba zan kama sunansa ba. Shi ne kuma shugaban kwamitin da ke zaɓen waɗanda za a tura ƙaro karatu, kuma Tiyamike na cikin masu nema. Ana gobe za ta yi jawabi, ya tare ta a bayan zaure, ya riƙe mata kugu, ya ce aikinta na buƙatar gyara, ta same shi a ɗakinsa. Da ta fizge, ya yi dariya ya ce ta tuna wanda zai riƙe lasifika gobe.

Da safe Mayi ta lura yarinyar na riƙe da kofin shayi har ya huce ba ta kurɓa ba. Ta ce ta zo ta taya ta ɗaukar kaya, ta kai ta ɗakin ajiya, ta rufe ƙofa. Tiyamike ta faɗa mini daga baya cewa ba a tambaye ta me ta sa ba, ko me ya kai ta bayan zaure. Mayi ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"'Yata, na yarda da ke. Yanzu me kike so a yi? In kin ce in yi shiru, zan yi shiru, in zauna a gabanki har ki gama jawabinki. In kin ce a kai magana sama, ni zan kai, amma ba zan ɓoye miki ba, za mu sha wuya."

Tiyamike ta daɗe tana kuka. Tana tsoron karatun ya kuɓuce mata, tana tsoron a riƙa nuna ta da baki. Daga ƙarshe ta ce a kai.

A nan ni na shigo cikin maganar. Mayi ta fito da ni daga zaure ta ce in raka ta wurin shugaban ƙungiya, Bambo Mwafulirwa (Bambo na nufin Baba), domin ba ta so a wayi gari a ce ba a yi ba. Muka same shi a ƙarƙashin rumfa. Shi da farfesan tare suka yi makaranta, kowa ya sani. Ya saurara yana murza goshi. Ya ce abin bai yi daɗi ba, amma akwai baƙi daga ƙasashen waje, a bari a koma Lilongwe a zauna cikin natsuwa. Ya ƙara da cewa farfesa mutum ne mai wasa, wataƙila yarinyar ba ta saba ba. Ni dai ban manta ba cewa shugaban nan shi ke duba takardun ƙarin girmana. Mayi kuwa, wadda duk shekara sai kwamitin da farfesan ke ciki ya sabunta mata aiki, ta sunkuyar da kai cikin ladabi ta ce:

"Bambo, Lilongwe ta yi nisa. Yau yarinyar nan za ta tsaya a gabansa. Ku ne shugaba, ni mai jera kujeru ce, amma hannuna ba zai ajiye katin sunan farfesan a kan teburin mai shugabantar zaman ba. In kun ga ya dace, ku ɗauka ku ajiye da kanku."

Shugaba ya ce zai yi tunani, ya tashi. An kawo nsima, wato tuwon masara, da gasasshen kifin chambo, na kasa kai loma baki. Farfesan na can teburin manya yana ba da labari ana dariya. Tiyamike ta kulle kanta a ɗaki, Mayi na zaune a bakin ƙofarta. Ba mu san ko za a yi wani abu ba, ko mu ukun ne za mu kwana a ciki. Sai da mutane suka fara komawa zaure shugaba ya zo ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, ni zan shugabanci zaman. Tiyamike ta hau mumbari, ta yi tuntuɓe a farkon magana, sannan ta miƙe. Kafin a tashi, motar farfesa ta bar masaukin.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Farfesan ya sauka daga kwamiti, amma bai rasa aikinsa ba. Shekarar da ta biyo baya aka ce babu buƙatar sakatariya a Mangochi, aka bar Mayi a ofis. Ba ta kai kuka wurin kowa ba. Mu ne muka ga yadda taro yake idan babu ita, muka tashi a zaman ƙarshe muka ce ba za mu sake zuwa ba sai an dawo da ita, an kuma kafa doka. Wasu maza suka mara mana baya, wasu suka fita shan iska. Daga ƙarshe aka dawo da ita, aka kafa dokar. Yanzu duk buɗe taro sai an karanta ta a gaban kowa: ba taɓa jiki, ba maganar banza, ba gayyata ɗaki da sunan aiki, kuma wanda aka kai ƙararsa ba ya zama cikin masu sauraron ƙarar. Tiyamike ta samu tafiya karatu daga baya, yau ita ke koyar da wasu.

Mayi, ke ce inuwar da ba ta korar kowa. Ke ce kika koya mana cewa wadda aka ci wa mutunci ita ake fara tambaya abin da take so. Na san kin ji tsoro a ranar nan, domin na ga yadda kika damƙe bakin zanenki a gaban shugaba. Duk da haka ba ki janye ko kalma ɗaya ba.

Abin da ke damuna shi ne, doka ba ta da ido. Ba ta gane fuskar wadda ta kwana tana kuka. Mutum ne ke gani, kuma namu mutumin zai koma gida Dedza ya huta. Mun gode, Mayi. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar more hutunki.

Sauran magana tamu ce. A taron bana za a nemi waɗanda za a riƙa kai wa ƙara, kuma na san yadda zaure kan yi tsit a irin wannan lokaci. Ni zan ɗaga hannu, ko da gabana na faɗuwa. 'Yan uwana maza, musamman ku manya da babu mai iya taɓa muku aiki: sakatariya ta yi wannan da abincinta a hannun wanda ta kai ƙara. Ku me za ku rasa?