Amanar Tanti Halima

Ni mutumin Maraɗi ne, ɗan wani tela. Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifiyata tana da rai kuma kunyar da na ja mata ta isa. Na zo Amurka ina da shekara ashirin da huɗu, na sauka a Greensboro wajen ƙanen babana. Na yi shekara uku ina ɗaga kwali a sito har bayana ya fara ciwo, sannan na samu aikin karɓar baƙi a wani otel da ke kan Wendover Avenue. Har zuwa lokacin ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Da tabarau abin ya fara. Wani baƙo ya manta shi a kan kantar karɓar baƙi, sati biyu bai waiwayo ba, na sa a aljihu. Babu wanda ya tambaya. Bayan nan wata mata ta bar katin bankinta, na sha mai da shi sau ɗaya na jefar. Ranar gabana ya yi ta faɗuwa har la'asar. A karo na biyu bai faɗi sosai ba. Daga nan na koyi ɗaukar hoton katin baƙi da wayata, ina yi musu murmushi ina tambayar ya hanya. Na sayi agogo, na sayi takalma masu tsada. Wani ɗan Kumasi da muke aiki tare ya taɓa ce mini, "Albashinmu ɗaya, amma ƙafarka ba irin tawa ba ce." Na yi dariya na ce kyauta aka ba ni.

Wata Litinin manaja ta tara mu, ta ce baƙi sun fara ƙorafi, za a duba kyamarori. Nan take garin ya yi mini ƙunci. Da ma na daɗe ina kallon hoton wani ƙaramin otel a Marseille, birnin nan na Faransa da ke bakin Bahar Rum. Na biya ɗaki da tikiti da katin wani dattijo mazaunin Summerfield, na ce wa ƙanen babana hutu zan je. Niyyata daga can in wuce Yamai, kada in sake dawowa.

Otel ɗin tsohon gida ne mai hawa huɗu, a wani lungu da ke gangarawa zuwa tashar jiragen ruwa. Ɗaki goma sha ɗaya ne kacal, kowanne da irin fentinsa. Nawa yana da tagogin katako shuɗaye da ɗan baranda, daga nan kana hango kwale-kwale jere da masu sayar da kifi da safe. Ƙamshin burodi da kofi na hawowa ta matakala. Wurin hutawa ne na gaske, amma ni ban huta ba. A babban otel baƙo lambar ɗaki ne kawai, na san haka don aikina ne. A nan kuwa mai gidan ta san sunan kowa, tana kira na da shi tun daga ƙofa. Duk takun da na ji a matakala sai in miƙe. In wayar otel ɗin ta yi ƙara sai in ajiye cokali. Nakan sauka bakin ruwa in dawo sau biyar kafin azahar, ban taɓa shanye kofi ɗaya a zaune ba.

A rana ta uku ina waya da mahaifiyata a baranda, sai na ji murya a bayana: "Ikon Allah! Bahaushe ne?" Mai gyaran ɗaki ce, dattijuwa riƙe da zanen gado. Sunanta Halima, 'yar Tasawa, ta fi shekara ashirin a Marseille. Washegari ta kawo mini kwaɗon zogale a cikin roba, ta tsaya a kaina sai da na cinye. Da ta ji daga Greensboro nake sai ta dafe ƙirji. 'Yarta Rakiya tana can tana karatun jinya, za a ɗaura mata aure bayan Sallah, ita kuma ba ta samu biza ba.

Kwana biyu bayan haka ta shigo ta kwance bakin wani hankici. 'Yan kunnen zinariya ne na mahaifiyarta.

"Ka kai wa Rakiya, ta sa ranar bikinta."

Na ce, "Tanti, ki aika ta gidan waya mana."

"Gidan waya ba su san darajarsu ba. Kai ɗan gida ne."

"Tanti, ba ki san ni ba fa."

Ta ce, "Na ji yadda kake magana da uwarka. Ya ishe ni."

Zan faɗa muku gaskiya, da yammar nan na shiga shagon wani maƙerin zinariya. Har ya ɗora 'yan kunnen a kan sikeli, sai na miƙa hannu na ɗauke, na fito ina gumi. Na yi ta yawo a bakin ruwa, hankicin a aljihuna. In na wuce Yamai na cuci Tanti Halima. In na mayar mata, sai na faɗa mata dalili, kuma ban iya kallon idonta da wannan maganar ba. In na koma Amurka na san abin da ke jira na. Ba zan ce tuba ce ta mayar da ni ba. Na gaji da firgita ne, kuma ina so ko sau ɗaya wani ya amince da ni ya zama bai yi kuskure ba. A rana ta tara na hau jirgi.

Ina sauka Amurka 'yan sanda suka kama ni a filin jirgi. Suka kwashe agogo da waya da takalma, suka haɗa da 'yan kunnen, don a ganinsu duk da katin sata na saye su. Na yi rantsuwa, na yi kuka. Ɗan sandan ya ce duk wanda suka kama haka yake cewa.

A kotu dattijon nan na Summerfield ya zo da sandarsa. Ya ce ranar da banki ya rufe katinsa yana kantin magani ne, zai karɓo maganin matarsa, ya koma gida hannu wofi. Aka yanke mini shekara biyu da wata bakwai. Bikin Rakiya ya zo ya wuce ina tsare. Sai bayan fiye da shekara lauyana ya samu aka saki 'yan kunnen aka kai wa Rakiya, da taimakon wani tsohon hoto da Tanti ta aiko, wanda mahaifiyarta ke sanye da su.

Da na fito na nemi gidan Rakiya a East Greensboro. Ta buɗe ƙofa da jariri a kafaɗa. Na durƙusa na nemi gafara. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Mama ta ce in ka zo in ba ka ruwa, in ce ta yafe. Ta kuma ce kada in bar ka kai kaɗai a falo." Na sha ruwan a tsaye a bakin ƙofa, na yi godiya na tafi.

Yanzu wankin mota nake yi, aikin da ba a ba ni riƙon kuɗi. Na roƙi Allah gafara, ina kan roƙo. Ku ƙannena da ke aiki a kantuna da otel-otel, ake miƙo muku kati da makulli kullum, ku tsaya tun a abu na farko, wanda kuke ganin bai kai a yi magana ba. In kun riga kun ɗauka, ku mayar yau, ku faɗa wa wani babba. Yafiya kam za ku iya samu, ni ma na samu. Amma har yau in na shiga gidan mutane ina lura da yadda ake ɗauke jaka daga kan kujera, kuma ba ni da bakin cewa komai.