Jar Tukunya a Ƙofar Gidanmu

Shekarar da aka yi ta raɗe-raɗin 'yan bindiga na tahowa ta hanyar Kwadon, kowa a unguwarmu Barunde ya ɗaure kayansa. Mu kuwa ga Inna, mahaifiyata, ɓarin jikinta ya shanye, ko tsakar gida sai an ɗauko ta. Abin hawanmu kaɗai tsohuwar fijon maigidana ce, shekara biyu tana ƙofar gida, kaji sun mai da ƙarƙashinta akurki.

Na ce, "Malam, don Allah sa batir ka tayar da ita!"

Ya ce a'a. Wai man injin ya gama tsiyayewa ƙasa, in aka murza makulli a bushe ƙarfe zai ci ƙarfe, injin ya buga. Sai an tura mai ya zagaya tukuna. Tsohon direban gwamnati ne, mutumin da ko rufin ɗaki na faɗowa sai ya gyara zaman hularsa. Haushi kamar ya kashe ni.

Ya tono wata jar tukunyar kashe gobara, wadda mai walda ya taɓa liƙa wa bakin da ake hura taya, ya sa mata siririn tiyo. Ya zuba man inji zuwa rabi. Ya kwance ɗan abin nan da ke kunna fitilar mai a jikin injin, ya ɗaura tiyon a ramin, ya tsuguna da famfon keke yana buga mata iska.

Ni ɓata lokaci kawai na gani. Ashe 'yan layi wani abu dabam suka gani: jar tukunya, tiyo, wayoyi a zube, a zamanin da ko leda aka yar a tasha sai kowa ya watse.

Ina juya wa Inna kwanciya na ji ihu, "Bam! Bam yake haɗawa!"

Na fito ko mayafi babu. Layi ya cika, 'yan sintiri da gorori, samari da duwatsu. Malam ya ɗaga hannuwa, mai na bin gwiwar hannunsa, yana cewa, "Jama'a, ni ne fa. Ni ne." Wani daga baya ya ce, "Ai na gida ke haɗawa!" Wallahi bakina bai mutu ba. Na ce, "Ku ji tsoron Allah! Uwata na ciki kwance, ita zai tayar wa bam?"

Shugaban 'yan sintirin, wani dattijon maharbi, ya ce kowa ya ja baya, mai abu ya buɗe abinsa da hannunsa. Na ƙi gusawa. Malam ya murɗa kan tukunyar. Tukunyar ta yi tsuuu, rabin layin suka zube ƙasa. Ba abin da ya fashe. Malam ya buɗe murfin man injin, ya ce, "Baba, leƙa." Dattijon ya leƙa, ya daɗe, ga mai na tsattsafowa saman injin. Ya ɗago ya ce, "Kai, man inji ne, 'yan banza!"

Aka fashe da dariya. Malam ya kwance tiyon, ya mayar da komai, bugu biyu fijo ta tashi.

Ni ban yi dariya ba. Idona na kan maƙwabcinmu, wanda shi ya yanka ragon sunan ɗanmu na fari. Rabin bulo ne a hannunsa. Ya kai shi bayansa a hankali, ya sake shi.

Da la'asar muka fita da Inna, muka yi kwana tara muka dawo. Na ɗauka ni kaɗai na ga bulon, don Malam bai taɓa tayar da zancen ba. Amma daga ranar har ya rasu, in aka kira salla, wuce masallacin ƙofar gidanmu, inda maƙwabcin nan ke salla, yake yi, ya taka har na bayan layi.