Gangunan Shukar Inna

Shekara ashirin da bakwai ke nan da aka kai Inna makwancinta a nan Arlit, gangunanta kuwa suna nan bayan ɗaki. Gangunan ƙarfe ne, an raba su biyu da guduma da kurfi, tsatsa ta cinye bakinsu. Ba kewa kaɗai ta sa na ɗauki alƙalami bana ba. 'Yata Rabi ce take son ta yi shuka a cikinsu, ni kuma tsoro nake ji.

Wanda bai san garin nan ba zai ce mene ne abin tsoro a tsohuwar ganga. To, sai na koma baya.

Daga Damagaram muka zo ina yarinya, lokacin da Baba ya samu aiki a ma'adinin uraniyom. Muna cikin gidajen kamfani, ga famfo, ga lantarki, Inna har ta fara yi wa dangi alfahari. Sai kasuwar uraniyom ta faɗi, aka rage ma'aikata, sunan Baba na ciki. Muka kwashe komatsanmu muka koma unguwar Bukkoki, inda ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa. Fari ya biyo baya. Makiyaya suka cika bakin gari ba su da ko akuya, ganyen miya ya zama abin da ake tambaya a gidan masu hali.

Inna ba mace ce mai zama ta tallafe haɓa ba. Ta dubi tsakar gidanmu, tsakuwa ce zalla, ko ciyawa ba ta yarda ta fito ba. Sai ta tafi wurin masu sayar da tsoffin ƙarafan da ake fitarwa daga ma'adini, inda kowa ke zuwa. A can maƙera ke samun abin ƙera tukunya, a can magina ke samun ƙyaure da azara. Ta zaɓo ganguna masu kauri, ta sa aka raba su, aka huda gindinsu. Ta ce ƙarfen Nasara ne, zai binne mu duka bai ruɓe ba. Muka yi dariya.

A kan ƙasa kuwa Inna ba ta da sauƙi ko kaɗan. Ta garin nan ba ta yarda da ita ba. Akwai maƙwabcinmu Agali, Buzu ne, direban babbar mota, shi ke ɗauko mata ƙasar lambu daga garin Iferwan da takin awaki a buhu. Sai ta damƙa, ta shinshina, wani lokaci har ta ɗanɗana, in ba ta yi mata ba ta ce ya mayar. Iri kuma sai na gida, wanda ƙanwarta ke ƙullowa a bakin zane ta ba matafiya. Ta binciki asalin ƙasa, ta binciki asalin iri. Ganga ce kaɗai ba ta taɓa tambayar me aka zuba a cikinta ba kafin ta zo hannunta, kuma a lokacin ba wanda ke tambaya.

A gidanmu ba a alwala a ƙasa. Kowa ya ɗauki buta sai ya tsuguna bakin ganga, ruwan ya sauka kan na'ana'a ko yakuwa. Ruwan wankin shinkafa na tumatir ne, na ɗaurayar kwano in ba sabulu na kuɓewa. Baƙo ma bai tsira ba. Na ga ranar da ta tashi wani dattijo abokin Baba yana tsakiyar wanke fuska, ta ce, “Malam, matsa can kan alayyafon, ladanka biyu.” Mutumin ya matsa, Baba ya rasa inda zai sa kansa.

Da tawayen Buzaye ya ɓarke, hanyar Agadas ta zama sai an tara motoci an yi musu rakiyar sojoji. Wani lokaci ayarin ya zo, wani lokaci a yi ta jira. Kasuwa ta bushe, sai garin kuka da busasshiyar kuɓewa, su ma ana ja musu rai. A lokacin ne gangunan Inna suka ciyar da rabin layinmu. Mata na shigowa da ɗan kwano a ɓoye cikin mayafi, ta tsinkar wa kowa daidai miyar yini. Mai jego ce ke fara samu, sai mai ciki. Ni kaina ina da cikin fari a shekarun, kullum sai ta cusa mini ɗanyen tumatir ta tsaya a kaina har na cinye.

Agali bai daina kawo ƙasa ba, duk da cewa a kwanakin rawaninsa kaɗai ya isa a sauke shi a shingen sojoji. Ranar nan ya shigo da buhu duk huji, ƙasa na zuba. Ya ce, “Inna, ƙasarka ya zo, amma rabi. Sun soka shi da wuƙa, suna neman bindiga. Sun ce wane mahaukaci ne yana kai ƙasa cikin Sahara? Na ce ba ni ne mahaukacin ba, yana gida yana jira.” Inna ta bi shi da muciya, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka, don ta san abin da ya tsallake saboda ita.

An yi sulhu, hanya ta buɗe, Inna ta fara tari. Likita ya ce ƙirji ne. A garin nan kowa na tari, ba mu ɗauke shi da zafi ba sai da ta kasa ɗaga buta. Ba ta kai damina biyu ba bayan haka. Allah ya jiƙanta, ya sa ganyen da ta raba ya zama inuwarta.

Sai bayan wasu shekaru aka fara maganar ƙarafan ma'adini. Wasu mutane suka zo da ɗan akwati mai ƙara, suna bin kasuwa da gidaje suna kara shi jikin tukwane da ƙyamare. Inda ya yi kuka sai a ɗauke abin, a ce yana da gubar uraniyom wadda ido ba ya gani. Layinmu ba su iso ba. Don haka ban sani ba. Wataƙila gangunan Inna man inji kawai suka taɓa ɗauka. Wataƙila kuma ba haka ba. Na tambayi wani da ya yi aiki a can, ya dube su ya ce shi ma ba zai rantse ba. Ajali na Allah ne, na yi imani da haka. Amma ina lissafa matan da suka ci miyar nan, da waɗanda ba su nan yanzu, sai gabana ya faɗi, ko da yake na san tsufa da wahala ma suna kisa.

Yanzu ga shi zamani ya sake juyowa. An rufe ramin ma'adinin Akokan, mijin Rabi na cikin waɗanda suka dawo gida, kayan miya sun yi tsadar da sai ka taɓa ka ajiye. Rabi na da yara uku da ciki. Watan jiya na tarar ta jawo ganga ɗaya tsakar gida tana kankare tsatsa. Na ce ta bari, in samo mata jarkokin roba mu yanka. Ta ce roba ba ta jure ranar Arlit, wata nawa ne ta farfashe, kuma gaskiyarta. Sannan ta ce, “Haba Mama, ke da kika girma da miyar gangar nan, ni ma da ita aka yi cikina, ga mu garau.” Na ce alhamdu lillahi. Ban gaya mata cewa bana na kai shekarun da Inna ta fara tari ba, kuma kowace safiya sai na tsaya na saurari ƙirjina kafin in tashi.

Na sha tambayar kaina me Inna za ta yi da tana nan ta ji abin da muka ji. Na san ta. Za ta dubi yaran, ta dubi tukunya, sannan ta ce a kira mai kawo ƙasa. Ba don ba ta da hankali ba, sai don yunwar yaro a gabanta take, ɗayan abin kuwa ba wanda ya iya nuna mata shi. Ban ga laifinta ba, kuma ba zan bari wani ya gani ba.

Abin da ta bar mana ba ƙarfen ba ne. Har yau a layinmu akwai gidajen da ba a zubar da ruwan alwala, jikokin da ba su taɓa ganinta ba suna tsugunawa bakin shuka ba su san daga ina abin ya samo asali ba. Rabi ta yarda da jarkokin, tana guna-guni, tumatir ɗinta har ya fara ganye. Gangunan kuwa na kasa sayarwa, don maƙeri zai mayar da su tukunyar wani gida. Na kasa jefarwa, don yara za su kwashe. Na kife su bayan ɗaki na ɗora duwatsu a kai. Ina roƙon Allah kada hanyar Agadas ta sake rufewa, domin in ta rufe, robar ta fashe, jikokina suka dube ni, na san da hannuna zan sauke duwatsun nan.