Kabarin Isufu Yana Bayan Dutse

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar aminina Isufu, amma bana ma, da ruwan farko ya sauka a Jibiya, sai da na fito ƙofar gida na dubi yamma kamar wanda ake jira. Ba mai jirana. Gwiwoyina sun daina hawa, dajin kuma ya daina karɓar baƙi irinmu.

Isufu mutumin ƙasar Maraɗi ne. Da ƙafa ya tsallako yana saurayi ya fara dako a kasuwa, nan muka haɗu, ina awon hatsi a rumfar mahaifina shi yana saɓa buhu. Daga baya ya samu gona a Gangara, ya yi aure ya zauna. Dogo ne marar nama, ga dariya ga tsokana, kuma ban taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya har inuwa ta juya ba.

Manoman yankin suna da wata al'ada da suke kira duban damshi. Ruwan farko a wajenmu mayaudari ne, sai ya jiƙa gonar wani sharkaf ya tsallake ta maƙwabcinsa. Mutum na iya samun gonaki a warwatse, nesa da juna, irin shuka kuwa ɗan abin da ya rage a rumbu ne. In ya zuba shi inda ƙasa ba ta sha ba, ya yi asarar shekara. Don haka washegarin ruwan sai wani ya hau Dutsen Maiƙaho, wanda ke tsaye yamma da ƙauyuka, daf da iyaka. Daga ƙololuwarsa ana ganin ƙasa a shimfiɗe, inda ta sha ta yi duhu, inda ba ta sha ba tana nan fari fat. Mai hawan ya sauko ya gaya wa mutane inda za su nufa da sungumi. Isufu ya gaji aikin daga wani tsoho, kuma shi ya ja ni ciki, wai tumbin 'yan kasuwa ba shi da magani sai dutse.

Maiƙaho yana da doka ɗaya: ba a sauka ta inda aka hau. Fuskarsa ta gabas a miƙe take, kuma a tsakiyarta akwai wani tsagi da ake kira Maƙoshi. Nan sai ka cire takalmi ka rataya a wuya, ka tokare bayanka da bango ɗaya, ƙafafunka da ɗayan, ka riƙa jan jiki sama kaɗan-kaɗan. Hawan yana yiwuwa domin ido na ganin inda hannu zai kama. A saukowa kuwa ƙafa ce ke lalube, ga santsin ruwan jiya. Shi ya sa in an kai sama ake gangarawa ta bayan dutsen, doguwar hanya cikin sarƙaƙiya, a faɗa wata ƙaramar tunga a ɓangaren Nijar, a sha fura, sannan a kewayo gindin dutsen a iso gida da yamma. Ko sau ɗaya jandarma bai taɓa tambayarmu takarda ba.

Ranar da na fara shiga Maƙoshi, da na leƙa ƙasa tsakanin ƙafafuna, wallahi sai da na ja masa Allah ya isa. Yana sama yana ƙyaƙyata dariya. Ya ce, "Haba Malam Lawal, in ka faɗo ai buhun gero ne ya faɗo, ni kuwa ɗaukar buhu sana'ata ce." Na rantse ba zan sake ba. Da damina ta zagayo, ni na riga shi shiri.

A hawanmu na ƙarshe lafiya lau muka kai ƙololuwa. Ya kare ido da hannu ya duba, ya ce Mazanya ta sha, Gangara kuwa sai kudancinta. Daga nan ya zauna, abin da ba ya yi, ya dafe ƙirji, gumi na keto masa. Ya ce, "Riƙe abin da na hwaɗa maka, mutane na jira." Daga inda muke ina hango rufin gidansa. Ta Maƙoshi gida kusa ne, amma ko mai lafiya bai isa ya bi ta nan ba, balle mai goyo. Na goya shi muka bi doguwar hanya. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana ɗaukar kayan mutane, ashe shi ba nauyi gare shi. Muna shiga tungar, azahar ta gabato, ya cika a bayana ban ma sani ba, sai da wata tsohuwa ta fara salati.

Zafi ake yi, ba mota, ba hanyar mota. Mutanen tungar, Allah ya saka musu, suka yi masa wanka, suka suturta shi da likkafanin da mai garinsu ya ajiye wa kansa, muka kai shi makwancinsa a gefen maƙabartarsu kafin rana ta faɗi. Na jera duwatsu a kai. Na kewayo gida ni kaɗai, na faɗi rasuwar, sannan na faɗi inda ƙasa ta sha, domin ya ce mutane na jira. Suna share hawaye suka yi shuka.

Babban ɗansa Sanusi yana cirani a kudu lokacin. Da ya dawo na yi masa alkawarin kai shi ziyara. Yau da gobe, rashin lafiyar mahaifiyarsa, wannan da wancan, har dajin ya fara lalacewa. Da farko shanu aka riƙa kora, sai aka koma korar mutane. Tungar ta watse, mutanenta wasu Maraɗi wasu Allah kaɗai ya san inda suka nufa. Dattawa biyu da suka taɓa raka ni kabarin duk sun riga mu gidan gaskiya. An ce gidajen sun rushe, an sare itatuwan an yi gawayi. Yau a duniya, in ba ni ba, ban san wanda zai iya tsayawa ya ce ga inda Isufu yake ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga Maiƙaho yanzu. Har gobe ana hawansa, amma masu bindiga ne ke hawa, suna duba inda garke ya ɓullo da inda babur ya tayar da ƙura. Gonakin da Isufu yake wahala dominsu yawanci sun koma saura. Wanda ya yi ƙarfin hali ya je noma, kunnensa na daji, rabin hankalinsa na hanyar gudu. Iyakar da muke tsallakawa da takalmi a wuya, an rufe ta an buɗe har mun daina mamaki. Ina jin da zai fara da tsokana, yadda ya saba, sannan ya yi shiru. Shirun Isufu kuwa ban taɓa iya jure shi ba.

Sanusi yanzu magidanci ne, yana kabu-kabu tsakanin Jibiya da Maraɗi, da mata da 'ya'ya uku. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ƙafar uban ce da shi da kuma taurin kansa. Bayan ruwan bana ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ya samu wanda zai nema masa izini wurin mutanen daji. Ba ya so in je, ya san ƙafata. So yake in kwatanta masa wurin kawai.

Na ce masa a'a.

Ya ce, "Baba, in Allah ya yi maka rasuwa, wa za ya nuna mini ubana?"

Na ce, "Addu'a ba ta ɓatan hanya, Sanusi. Yi masa daga nan."

Ya ce, "Kai ka yi alkawari."

Gaskiyarsa, na yi. Kuma wurin yana nan a kaina tar, ko yau aka ajiye ni a bakin tsohuwar rijiyar tungar zan kai mutum kansa ido rufe. Amma na san izinin mutanen daji, na ga waɗanda suka tafi da shi, na je gaisuwar wasunsu. In na buɗe baki na kwatanta, gobe babur ɗinsa na kan hanyar yamma. Na goyo uba daga dutsen nan, ba zan aika ɗa ba. Ban tsaya nan ba ma, na je na samu shugaban tasharsu na roƙe shi ya sa masa ido. Maganar ta koma kunnen Sanusi, kuma tun ranar bai sake taka zaurena ba. Abin yana cina, ba zan ɓoye ba. Yaron nan a hannuna aka raɗa masa suna.

To me ya saura na Isufu? Duban damshi ya mutu, masu saninsa ma sun yi ƙaranci. Kabarinsa zai ɓace ranar da aka binne ni, kuma ni na zaɓi hakan da hankalina. Mai karatu na iya cewa na zalunci maraya, ba zan yi musu ba. Allah ya jiƙan Isufu, ya sanyaya makwancinsa a inda ba mai kai masa ziyara, ya dawo mana da dajinmu ko ba na raye.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, na tsinci Sanusi a sahun gabana. Ya juyo yana gaisawa da mutane har ya iso kaina. Ya miƙo hannu, fuskarsa na kallon wani wuri. Na riƙe hannun fiye da yadda ya so. Da ɗuminsa, jini na gudu a ciki. Na sake shi ya tafi.