Waken da Ya Yi Hutu a Laburare

Ni fa tun farko ban ce ina so ba, jawo ni aka yi. Ina zaune a rumfata ta cajin waya a bakin tashar Gaya, ina tura wa wani tsoho wa'azi a memori, sai ga yayana ya zo ya tsaya a kaina. Shi malami ne a wata sakandare da ke kan hanyar Ajingi, kuma a shekarar aka ɗora masa riƙon laburare, don shi ne ƙarami a cikin malaman, duk aikin da kowa ya guda a kansa ake jibgewa.

"Tashi mu je, an kawo mana kwamfutoci."

"Allah ya sanya alheri, Yaya. Ni me ya haɗa ni da su? A aji uku na tsaya, shi ma da roƙo."

"Ba kai ne kullum kake cika baki wai ba na'urar da ta gagare ka ba?"

"Wannan ai na kwastomomi ne, ba na 'yan gida ba."

Ya kai ƙarata wurin Inna. Ita kuwa ba ta da doguwar shari'a, cewa ta yi in ban bi shi ba kada in ƙara miƙo mata kwanon tuwo. Haka na rufe rumfa na hau bayan mashin ɗinsa ina ta mita.

Gaskiya ɗakin ya yi kyau. Waɗanda suka kawo kayan sun sa sola a kan rufi, sun sa ƙofar ƙarfe da tagogin gilas, sun toshe duk wata kafa, ko kiyashi sai ya nemi izini. Kowace kwamfuta da shuɗiyar igiya a bayanta, duk igiyoyin sun tafi sun haɗu a wani ƙaramin akwati a jikin bango mai 'yan fitilu suna ƙyaftawa. Babbar kwamfutar tana kan teburin Yaya, ita ce uwar. Abin da ka zuba mata, sauran duk za su gani. Aikina shi ne in kawo tsofaffin tambayoyin jarrabawa a filashina in zuba wa uwar, in kuma nuna wa yara yadda ake riƙe maus, don jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta, su kuwa yaran Kademi da na Toranke da yawansu ba su taɓa danna komai ba sai tocila. Wani ya kama maus kamar zai yi shuka da shi. Na yi ta shan dariya. Har "Malam" suke ce min, ni da ko rubutun sunana sai na yi tunani.

Ana cikin haka kaka ta yi. Malaman makarantar nan duk manoma ne, har shi firinsifal. Kuma kowa ya san ba a sayar da wake lokacin da aka cire shi, ajiyewa ake sai ya yi daraja. Siton makarantar kuwa ɓeraye sun riga sun yi hakimi da dagaci a ciki. Sai firinsifal ya dubi laburare, ɗaki mai ƙofar ƙarfe, ba ɓera, ba yoyo, ga hutu ya zo. Ya ce wa Yaya ya kawo makulli.

Ni aka sake kira, wannan karon dako. Da kaina na ɗauki buhunan daga keke mai ƙafa uku zuwa ciki, muka jera su a tsakanin teburan. Kowane buhu sai an tura masa ƙwayar nan ta kashe ƙwarin wake da muke ce wa bom, a ƙulle a tsumma. Firinsifal ya ce a ƙara wa nasa, don bara ƙwari sun yi masa ta'asa, kuma nasa sun fi na kowa yawa. Aka lulluɓe kwamfutoci da zannuwa, aka ja ƙofa aka datse.

Ranar da muka je buɗewa, ana jibi yara za su dawo, da safe ne, ni da Yaya kawai. Yana tura ƙofar wani wari ya fito, kamar tafarnuwa ta haɗu da ruɓaɓɓen kifi. Muka shiga a haka. Abin da na fara gani tsaka ce a ƙasa, ta juya ciki sama. Ga wata can, ga kyankyasai birjik, ga wani ɗan tsuntsu da ban san ta inda ya shiga ba, ya bushe a kan kibod. Ba abin da ke motsi a ɗakin. Ban kai tsakiya ba na ji ƙirjina ya ɗaure, kaina ya fara sarawa, ƙafafuna kamar na aro. Na waiga na ga Yaya ya dafa tebur yana neman numfashi. Ban san lokacin da na finciko rigarsa muka yi waje ba. Ya durƙusa a gindin dalbejiya yana ta amai, ni kuma duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa. Na ɗauka a wurin za mu mutu ba wanda ya sani.

Aka bar ƙofa da tagogi a buɗe har washegari, malamai suka zo da hanzari kowa ya kwashe nasa. Firinsifal ya tara su ya ce maganar wake ta mutu a nan, wanda ya tayar da ita shi ya sani.

Da aka dawo makaranta aka yaye zannuwa aka kunna. Wasu ko tari ba su yi ba. Waɗanda suka tashi kuma ba sa ganin uwar, akwatin bango ya yi duhu, ba fitila ko ɗaya. Firinsifal ya zo ya tsaya, ya dubi kwamfutocin, ya dube ni.

"Kai ne ɗan cajin da yake soka musu filash?"

"Tambayoyin jarrabawa ne kawai, Yallaɓai."

"Filashin tasha, wanda ya shiga wayar kowa da kowa. Bairos ka sa musu. Kayan hukuma ne, kuma 'yan sanda ne za su yi magana da kai. Bari injiniya ya zo daga Kano ya tabbatar."

Daga ranar ban ƙara jin daɗin abinci ba. Ina da aboki ɗan acaɓa da ya taɓa kwana a sel, da ya fito sai da ya daɗe ba ya iya zama a kan mashin, kuma shi mai surutu ne amma bai taɓa ba mu labarin ciki ba. Shi nake ta tunawa. Ina rumfa, in motar 'yan sanda ta taho sai in tsinci kaina a bayan mai rake ina taya shi ferewa. Ni kaina na fara zargin filashin, na ɗauko shi ina juyawa kamar zan hango bairos ɗin a ciki.

Yaya kuwa ya rame. Ya same ni a zaure ya ce, "Don Allah ko me za a yi kada ka ambaci wake. Makulli a hannuna yake, ni na sa hannu na karɓi ɗakin. Aka ji an yi rumbu da shi, ni za a kora, ba firinsifal ba." Matarsa tana da tsohon ciki a lokacin. Na ce masa to, ni kuma fa? Sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Inna ba ta san komai ba, sai cewa take wai na shiryu, na daina tsokanar mutane.

Injiniyan ya zo, wani siriri mai tabarau, ba ya son magana. Ya kwance bayan kwamfuta ɗaya, ya haska da wayarsa, ya daɗe yana kallo. Ya zare igiya ya duba bakinta. Ya sauko da akwatin bango ya buɗe. Ni ina raɓe a jikin ƙofa, na riga na auna inda zan bi in tsallake katanga.

"Wannan ba bairos ba ne," in ji shi. "Bairos ba ya cin ƙarfe. Ku duba, duk inda jan ƙarfe yake ya yi baƙi. Wani abu ne a iska ya ci su. Me aka ajiye a ɗakin nan?"

A nan na gane, bom ɗin wake ne. Na dubi Yaya, na ga shi ma ya gane, don leɓensa ya bushe.

"Littattafai," in ji firinsifal. "Laburare ne ai."

Injiniya ya ɗan dube shi ta saman tabarau, ya ce zai ɗauko wani abu a mota. Yana fita firinsifal ya tura ƙofa ya juyo kaina. Na ɗauka tunda ba bairos ba ne na tsira, ashe yanzu aka fara.

"To na gano. Yaran tasha haka kuke, ku cire sababbin kayan ciki ku sa ruɓaɓɓu. Sata ce ke nan, ba ma ganganci ba."

"Yallaɓai, ko sukundireba ban taɓa shigowa da ita ba."

"Ka faɗa musu a can."

"Ranka ya daɗe, ƙanena ne," in ji Yaya. "Ni na kawo shi, taimako ya zo yi."

"Kai malam ka yi shiru, kana da iyali. Shi wannan me zai rasa? Kwana kaɗan ne su sake shi, magana ta wuce."

Ya zaro waya yana neman lambar 'yan sanda. Na ji gumi yana bin bayana har cikin wando. Na hango kaina ba riga, a tsugune a bayan kanta, Inna tana waje da kwanon abinci ana hana ta shiga. Na dubi Yaya ko zai ƙara cewa wani abu, sai na ga idonsa ya ciko, ya kasa kallona.

"Yallaɓai, injiniyan nan fa ya ce iska ce."

"Wa zai ɗauki maganar ɗan caji a kan tawa? Ka ce me? Ka ce wa?"

Ba jarumta ba ce, wallahi tsoro ne ya buɗe min baki. Amma abin da na faɗa shi ya sa ya tsaya da danna wayar, ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da ita aljihu. Da injiniya ya dawo, firinsifal da kansa ya ce masa wataƙila maganin gara da aka fesa wa littattafai ne, kuma ba a ƙara kiran sunana ko na Yaya ba.

Abin da na ce masa kuwa shi ne, "Yallaɓai, kira su, ba komai. Amma ni matsoraci ne, tun kafin su ɗaga hannu zan faɗa musu buhun wa da wa na ɗauko a ka zuwa ɗakin nan. Kuma mu a gidanmu an koya mana ladabi, da babba muke farawa."